Idan Tankin Gidan Mai Ya Yi Yoyo: Yadda Ake Bin Sawun Man a Ƙasa da Ruwan Rijiya

Galibi ba mai gidan mai ne ke fara sanin tankinsa yana yoyo ba, maƙwabta ne. Akwai wata dattijuwa da na taɓa zuwa duba rijiyarta, gida uku ne tsakaninta da wani gidan mai. Ta ce da ni, "Ɗan nan, tun kafin azumi shayin gidan nan ya canza, muka yi ta ɗora wa mai kanti laifi." Sai ranar da ta ga wani abu mai launin bakan gizo yana yawo a saman guga ta aika aka kira mai unguwa. Aka tono tsohon tankin, aka binne sabo, aka sha hannu, kowa ya ce magana ta ƙare. Damina ɗaya aka yi, warin ya ɓulla a rijiyar gidan da ke gaba da nata.

Sauya tanki yoyon kawai yake tsayarwa. Man da ya riga ya shiga ƙasa yana nan, yana kuma tafiya, ba lallai ta inda ido ke zato ba. Ba a sanin inda ya kai sai an kafa wuraren awo, ana komawa kansu ana auna su iri ɗaya, damina da rani, ana rubutawa. Wannan jagorar ta mai gidan mai ce da manajansa, da jami'in muhalli, da maƙwabcin da ke son sanin abin da zai tsaya a kai a yi masa. Masana'anta ko asibitin da ya binne tankin gas na janareta shi ma maganar ta shafe shi.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙafarka

Fetur da gas da kananzir duk ba su kai ruwa nauyi ba. Litar fetur kusan giram 750 ce, ta gas kusan 840, ta ruwa kuwa kilo ɗaya cur. Saboda haka idan mai ya fita daga tanki sai ya tsiyaya ta cikin yashi da tsakuwa har ya iske ruwan ƙasa, ya kwanta a kansa kamar man gyaɗa a kan miya. Daga nan yake rabuwa: wani ya maƙale a jikin ƙasa, wani ya yi ta iyo a saman ruwa, wani ya narke a cikin ruwan ya bi shi duk inda ya nufa, wani ya zama tururi ya nemi rami ya hau sama.

Wanda ya narke shi ne mugun, don ido ba ya ganinsa. A cikin fetur akwai sinadarai huɗu da ake haɗa sunansu a ce BTEX: benzin, toluwin, etilbenzin da zailin. Benzin ɗin nan ba shi ne banzin da mutanen Sudan ke kiran fetur da shi ba, sinadari ne guda a cikin fetur, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a kan maikrogiram 10 cikin lita ɗaya, Amurka ta sa 5. Don ka ga ƙanƙantar abin: maikrogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya a cikin lita 100,000, wato ruwa cikin tanka uku masu ɗaukar lita 33,000. Hanci ba ya jin benzin a wannan matakin. Idan ruwa na wari, tabbas ya ɓaci. Idan ba ya wari, ba a san komai ba tukuna.

Mataki na farko: a tsare rai, a tsayar da yoyon

Kafin a yi maganar gwaji, a hana shan ruwan duk rijiyar da ake zargi, a hana girki da shi, a kawo wa mutane wani ruwan. Tafasawa ba ta gyara shi, sai ma ta cika madafi da tururin da za a shaƙa. Alif da kulorin ba su da aiki a nan.

Kada kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka rami yake nema: rijiya, shadda, lambatu, ramin wayar lantarki. Da ya kai kusan kashi 1.4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Dabarar da wasu masu yasa ke yi ta zura fitila don su ga ko akwai iska, a irin wannan rijiyar kisan kai ce. A birnin Guadalajara na ƙasar Meziko, ranar 22 ga Afrilu 1992, fetur da ya zuba daga bututu zuwa magudanan ruwa na ƙarƙashin titi ya yi bindiga, ya kashe mutum fiye da 200, bayan mazauna unguwar sun yi kwanaki suna kukan wari.

Sai a kwashe man da ke cikin tankin da ake zargi, a daina saida mai daga shi. A Nijeriya doka ta ce a sanar da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, wadda aka kafa a 2006, a rubuce cikin awa 24. A kuma sanar da NMDPRA mai ba gidajen mai lasisi tun bayan dokar man fetur ta 2021, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Na san akwai masu cewa a yi shiru a gyara a ɓoye. Rijiyar maƙwabci ba ta riƙe sirri.

Mataki na biyu: littafin awon tanki

A ɗauko littafin awo na watanni shida zuwa shekara. Lissafin kullum shi ne: abin da aka wayi gari da shi, a haɗa da abin da tanka ta sauke, a cire abin da famfo ya saida, a gwada da abin da sandar awo ta nuna. Zafi da sanyi da kuskuren karatu kan sa bambanci, yau sama gobe ƙasa. Abin dubawa shi ne ragin da ya riƙe hanya ɗaya, kullum ƙasa. A gidajen mai da yawa, idan aka ga haka sai a ce yaran famfo ne ke ɗiba, a yanke musu albashi wata da watanni, alhali man yana can yana bin ƙasa.

Ƙaramin yoyo ba ƙarami ba ne. Ƙa'idar Amurka ta ce gwajin tanki ya iya gano yoyon da ya kai kashi ɗaya cikin goma na galan a awa, kusan lita 0.38 ke nan. A yini lita tara, wadda ba za ta ko nuna ba a gidan da ke saida dubban litoci. A shekara ta haura lita 3,300.

Gwaji biyu masu sauƙi na nuna gefen da matsalar take. A rufe tankin, kada a zuba kada a ɗiba, a auna, a sake aunawa bayan kwana ɗaya da rabi. Idan man ya sauka alhali famfo na kashe, jikin tankin ne. Idan ragi bai zuwa sai ana saida mai, a tuhumi bututu da mahaɗansa, kuma sau da yawa a nan ɓarnar take, ko a bakin da tanka ke juyewa. Na biyun, a shafa man gano ruwa, wanda ke canza launi idan ya taɓa ruwa, a gindin sandar awo. Idan ruwa na ƙaruwa a gindin tanki da damina, inda ruwa ya shiga nan mai ke fita. Bayan haka a kira masu gwajin matsin tanki da bututu, kuma kada a yarda su hura iska zalla cikin tankin da ke da tururin fetur, iskar naitirojin ake sawa.

Amfanin littafin ga mai bin sawu shi ne ya ba shi kimanin ranar da abin ya fara da yawan man da ya ɓace. Yoyon wata uku da na shekara biyar ba faɗin bincike ɗaya suke buƙata ba.

Mataki na uku: zagaya unguwa da ƙafa

Ka ɗauki takarda ka zana gidan man: tankoki, bututu, famfuna, bakin juyewa, lambatu. Sannan ka bi gida gida tare da mai unguwa ko wakilinsa, aƙalla mita 300 ta kowace fuska, ka rubuta kowace rijiya da rijiyar burtsatse, zurfinta, masu shan ta, da ko 'yan garuwa na ɗiba a nan. Ka sa alama ta musamman a kan burtsatsen da ake ja da ƙarfi, irin na masu fiyawata da masu wankin mota, domin yawan jan ruwa na iya juya akalar ruwan ƙasa ya janyo man zuwa gare su. Ka lura da bututun ruwa na roba da ya ratsa ƙasar da ta ɓaci, don fetur na iya ratsa jikinsa. Ka kuma rubuta sauran waɗanda za a iya zargi, kamar garejin makanikai, wurin 'yan bumburutu, ko wani gidan man, tun kafin a fara nuna wa juna yatsa.

Idan ka ga sheƙi a saman ruwa, ka taɓa shi da tsinke. Na fetur yakan buɗe ya sake haɗewa yana murɗawa. Wanda ƙwayoyin halitta masu cin ƙarfe ke yi kuwa farfashewa yake yi kamar gilashi, ba ya komawa.

Ka nemi tsohon mahaƙin rijiya na unguwar ka zauna da shi. Shi zai ce maka, "Injiniya, nan gaba biyu jar ƙasa ce, sai marmara, sai ka faɗa ruɓaɓɓen dutse," ya kuma gaya maka inda ruwa ke kaiwa a watan Satumba da inda yake komawa a watan Mayu. Wannan bayanin zai hana ka ɓarnar kuɗi a mataki na biyar. Ƙasa ma ba ɗaya ba ce: a Kano da Zariya da Kaduna ruwan sama-sama na cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsagogin fa, inda mai kan iya bin tsaga ɗaya ya tsallake gida biyu ya ɓulla a na uku. A Maiduguri da Sakkwato yashi da yumɓu ne hawa-hawa, ruwa wani a kan wani.

Mataki na huɗu: gwajin ƙasa

Ana huda ƙasa a kewayen ramin tanki ta fuska huɗu, da jikin layin bututu, da gindin famfuna, da bakin juyewa. Mita ɗaya da rabi na farko da hannu ake yi, kada a huda bututu ko waya a ƙara wa Barno dawaki. Kada a kawo injin haƙar burtsatse mai aiki da ruwan laka, yana wanke shaidar ya kuma cakuɗa sama da ƙasa. Abin huda mai murɗawa a bushe ake so. Idan aka iske kaurin yumɓu a ƙarƙashin gurɓataccen ruwa, a tsaya, kada a fasa shi, don shi ne murfin ruwan da ke ƙasa.

A kowace mita, da duk inda ƙasa ta canza, a ɗebi samfuri a rubuta launi da laushi da danshi. Ƙasar da ta daɗe da shan mai takan koma toka-toka ko baƙi, ko da asalinta ja ce. A raba samfurin biyu. Rabi a zuba a kwalba zuwa tsakiyarta, a rufe baki da takardar alminiyam, a girgiza, a bar ta minti goma zuwa sha biyar, sannan a soka bakin na'urar auna tururi da ake kira PID a rubuta lamba mafi girma. Ɗaya rabin a dantse shi nan take a kwalbar ɗakin gwaji, a sa a kula mai ƙanƙara. PID jagora ce kawai mai nuna samfurin da ya cancanci a kashe masa kuɗin gwaji, kuma ba ta jin tsohon gas sosai. Daga kowane rami a tura aƙalla biyu: wanda ya fi lamba, da wanda aka ɗebo dab da saman ruwa. A ci gaba da matsawa waje ana hudawa har a samu ramukan da suka fito da tsabta, su ne iyakar ɓarnar.

Mataki na biyar: rijiyoyin sa ido

Rijiyar sa ido ba ta sha ba ce, taga ce ta leƙen ruwan ƙasa. Uku su ne mafi ƙaranci, amma da wuya su isa. A ganina a fara da biyar ko shida: ɗaya ta inda ruwa ke fitowa kafin ya iso gidan man, don a san yadda yake tun asali, ɗaya a gindin tanki, biyu ko uku ta inda ake zaton ya nufa, ɗaya kuma a tsakanin ɓarnar da rijiyar sha mafi kusa, ta zama mai gadi.

Ana yin ta da bututun PVC mai faɗin milimita 50, wanda ake haɗawa da murɗi. Kada a sa gam, sinadaran da ke cikinsa za su fito a sakamako. Sashen ƙasa na bututun mai tsaga-tsaga ne, a kewaye shi da wankakken yashi, a ɗora bentonait a kai, wani yumɓu ne mai kumbura idan ya sha ruwa, sannan siminti har sama, da murfi da kwaɗo da lamba.

Ga kuskuren da na fi gani. Mai haƙar burtsatse ruwa ya saba nema, don haka can ƙasa yake kai mai tsagar. A wannan aikin dole tsagar ta ratsa saman ruwan, wani sashe a cikin ruwa wani a sama da shi, damina da rani. Idan ta nutse gaba ɗaya, man da ke iyo zai wuce ta jikin bututun da babu ƙofa, kai kuma ka rubuta cewa babu mai. Nan ne maganar tsohon mahaƙi ke amfani: idan ruwa na hawa da sauka mita uku a shekara, tsagar mita uku ba ta isa ba. Bayan ginawa a yi ta jan ruwa har ya washe, a zuba shi a durom, ba a lambatu ba, a bar rijiyar ta huta kwanaki kafin samfurin farko.

Mataki na shida: ina ruwan ya nufa?

A kira safiyo ya auna tsayin bakin kowane bututu daga ma'auni guda, a yi ɗan tsagi a bakin don kullum a riƙa aunawa daga wuri ɗaya. Sannan a auna zurfin ruwa a dukkan rijiyoyin cikin safiya ɗaya, kafin a taɓa ruwan kowacce.

Zurfi shi kaɗai yana ruɗi. A ce bakin rijiya ta ɗaya yana kan mita 100.00, ruwa na zurfin 6.20, tsayin ruwan ya zama 93.80. Ta biyu bakinta 99.60, zurfi 6.10, ya zama 93.50. Ta uku 99.90, zurfi 6.25, ya zama 93.65. Mai kallon zurfi zai ce ruwan ta biyu ya fi kusa, don haka ita ce a sama. Lissafi ya nuna ita ce a ƙasa, kuma wajenta ruwan ke gangarawa. Bambancin duka santimita 30 ne, shi ya sa kuskuren santimita biyu ko uku ke iya juya taswirar.

Inda akwai mai a saman ruwa, a auna kaurinsa da na'urar da ke bambanta mai da ruwa, ko da bututun ɗiba mai garai-garai. Nauyin man yana danne ruwan, don haka a gyara lissafi: a ninka kaurin fetur da 0.75 a ƙara a kan tsayin ruwan. Kaurin da aka gani a rijiya yakan fi wanda ke cikin ƙasa, kada a ɗauke shi a lissafa litocin da suka zuba.

Ruwan ƙasa ba gudu yake ba. A yashi mai kyau zai iya cin mita goma-goma a shekara, a yumɓu kuwa da ƙyar yake motsi. Nazarin ɗaruruwan gidajen mai a Amurka cikin shekarun 1990 ya nuna mafi yawan gurɓatar benzin ba ta wuce kimanin mita 100 daga tanki. Kada wannan ya sa ka saki jiki inda akwai tsagaggen dutse ko burtsatse mai ja. Sinadarin MTBE da ake ƙara wa wani fetur ya fi benzin nisa, shi ya sa birnin Santa Monica na California ya rufe wasu rijiyoyinsa na ruwan sha a 1996.

Mataki na bakwai: ɗaukar samfurin ruwa

A nan aka fi ɓata aiki, domin abin da ake nema guduwa yake yi cikin iska. A fara da rijiyar da ta fi tsabta a ƙare da wadda ta fi ɓaci, ana sauya safar hannu da igiya, ana wanke kayan aiki a tsakani. Rijiyar da ke da mai kwance ba a ɗaukar ruwanta, kaurin man kawai ake rubutawa.

Ruwan da ya kwana a bututu ba shi ne ruwan ƙasa ba, sai an fitar da shi. Bututu mai milimita 50 yana riƙe kusan lita biyu a kowace mita, don haka idan ruwa ya tsaya mita biyar, lita goma ke nan, a fitar da ninki uku, lita talatin. Hanyar da ta fi ita ce jan ruwa a hankali da ƙaramin famfo, ƙasa da rabin lita a minti, ana duba zafi da tsami da gishiri da iskar oksijin ɗin ruwan har lambobin su daina motsi. Duk wadda aka zaɓa, a tsaya a kanta har ƙarshen aikin.

Kwalbar BTEX 'yar ƙarama ce ta gilashi, mililita 40, ɗakin gwaji ne ke bayar da ita da ɗigon asid a ciki, kada a ɗauraye. A karkata ta a zuba a hankali ba tare da kumfa ba, har ruwan ya yi tozo a bakinta. A rufe, a kifa ta, a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, a ɗaga sama a duba. Idan ƙwayar iska ta taso, ko da kamar ƙwayar gero ce, a ɗauki wata kwalbar a sake. A rubuta lamba da rana da lokaci, a sa cikin ƙanƙara nan take, sanyin ya tsaya wajen digiri 4. Mai asid tana kai kwana 14, marar asid kwana 7. A zafin Afrilu, kula ɗaya da ƙanƙararta ta narke a hanyar mota ta isa ta mayar da gurɓataccen ruwa mai tsabta a takarda.

Akasin haka ma na faruwa. Na taɓa ganin an ɗora kular samfuri a but ɗin mota kusa da jarkar fetur ta janareta. Don irin wannan ake tafiya da kwalbar shaida, wadda ɗakin gwaji ya cika da tsabtataccen ruwa, ta je ta dawo ba a buɗe ta ba. Idan aka sami benzin a cikinta, a hanya aka kwaso shi. A kuma ɗebi rijiya ɗaya sau biyu a sa wa ta biyun wata lamba, a ga ko ɗakin gwajin zai ba da amsa iri ɗaya. Kowane hannu da kular ta bi ya sa hannu a takarda, don wata rana maganar na iya zuwa gaban alƙali. Ya kyautu a ɗebi samfurin gidajen mutane a gaban mai gida da wakilin gidan man.

Tun kafin ka biya, ka tambayi ɗakin gwajin abu biyu: suna da na'urar GC mai rarrabe sinadarai, kuma mene ne mafi ƙarancin benzin da suke iya gani? Idan ba sa ganin ƙasa da maikrogiram 10, to "ba a samu ba" ɗinsu ba wanke ruwan ya yi ba. Gwajin ruwan sha na yau da kullum, mai duba ƙwayoyin cuta da gishiri, ba ya ganin benzin sam. Abin da za ka nema: BTEX, MTBE, da jimillar man da ake kira TPH, idan gas ne a ƙara da naftalin da danginsa, idan tsohon gidan mai ne da ya yi zamanin fetur mai dalma, a duba dalma.

Mataki na takwas: karanta sakamako, da komawa

A ruwan sha, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a lita ɗaya ita ce maikrogiram 10 na benzin, 700 na toluwin, 300 na etilbenzin, 500 na zailin. Kundin ƙa'idojin muhalli na harkar mai a Nijeriya, EGASPIN, ya sa matakin da dole a shiga gyara a kan miligiram 5,000 na mai cikin kilon ƙasa, da maikrogiram 600 cikin litar ruwan ƙasa. Kada a haɗa matakin gyara da iyakar ruwan sha: kasa kai matakin gyara ba ya nufin ruwan ya shawu. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya sami tataccen mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, da benzin fiye da ninki 900 na iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane kuma suna sha. Bututu ne ya jawo wancan ba tanki ba, amma tafiyar man a ƙasa iri ɗaya ce.

Ka ɗora lambobin a kan taswirarka. Idan rijiyar da ta fi nisa ma ta nuna benzin, ba ka kai bakin ɓarnar ba, a ƙara haƙa wata a gaba.

Sakamakon zagaye ɗaya hoto ne na rana ɗaya. A riƙa auna tsayin ruwa da kaurin mai duk wata, a ɗebi samfuri duk wata uku, a tabbatar ɗaya ya faɗo ƙarshen damina ɗaya ƙarshen bazara. Dalili kuwa, idan ruwa ya hau a Agusta yakan danne man a cikin ramukan ƙasa, sai ka ga kaurinsa ya ragu ko ya ɓace a rijiya. Manaja ya buga waya yana murna, "Ranka ya daɗe, mai ya ƙare." Watan Afrilu ruwan ƙasa ya ja baya, man ya sake tsiyayowa. Shi kuma wanda ya narke yakan ƙaru daidai lokacin da ruwa ya hau ya wanke ƙasar da mai ya shafa. Don haka Afrilu ake gwadawa da Afrilun bara, Satumba da Satumba.

Ƙasa na da nata masu aikin: ƙwayoyin halitta na cin BTEX a hankali. Alamar suna aiki ita ce oksijin da sinadaran naitiret da salfet na cikin ruwan su yi ƙasa a tsakiyar ɓarnar idan aka gwada da rijiyar da ke ta inda ruwa ke fitowa kafin ya iso gidan man, narkakken ƙarfe kuma ya ƙaru. Amma ba a jingina da su matuƙar akwai mai kwance, ko mai gadi ta fara nuna lamba, ko tururi na shiga ɗakuna. Nan sai a kwashe man da ke iyo, a tono ƙasar da ta sha, a zuƙe tururi, awon kuma ya ci gaba don shi zai nuna ko gyaran na ci.

Ba mai gidan mai ne zai ce a daina ba, hukuma ce, bisa littafin awon rijiyoyin. Ni ba na kai mata wannan roƙon sai babu mai kwance, lambobi suna sauka ko sun tsaya ƙasa da iyaka damina biyu da rani biyu a jere, mai gadi kuma ba ta taɓa nuna komai ba. Rijiyar gida kuwa ba a buɗe ta don sha sai nata gwajin ya fito da kyau fiye da sau ɗaya. Idan an amince a rufe aikin, a cika kowace rijiyar sa ido da bentonait da siminti tun daga gindi har baki, don idan aka bar ta a buɗe a farfajiyar gidan mai, duk man da ya zube a ƙasa ta nan zai bi ya sauka kai tsaye. A kuma ba mai unguwa kwafin taswirar da sakamakon ƙarshe, saboda wanda zai zo haƙa sabuwar rijiya a layin.